Zuciyar Mutum Ɗaya da Hukuncin Jama'a: Nazari a Kan Ibada da Zamantakewar Mabiya Ɗariƙar Kweka

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin ɗariƙar Kweka, wani reshe na addinin Kirista da ya tsiro a Ingila a tsakiyar ƙarni na 17, wanda mabiyansa ke kiran kansu Abokai. Ɗariƙar ta kafu ne a kan aƙidar cewa Allah yana shiryar da kowane mutum kai tsaye a zuciyarsa, ba tare da wani limami ya tsaya a tsakani ba. Tambayar da takardar ta sa a gaba ita ce: idan kowa yana da ikon cewa an yi masa magana a zuci, wa zai rarrabe shiriya da ruɗi? An bi hanyar nazarin tarihi, aka ɗauki abubuwa uku a matsayin ma'auni: shari'ar James Nayler ta 1656, tsarin tarukan da aka gina bayanta, da taƙaddamar mallakar bayi daga 1688 zuwa 1776. An gano cewa nazarin kai a wurin 'yan Kweka ba aikin kaɗaici ba ne, domin abin da mutum ya ji a zuciyarsa ba ya zama hujja sai jama'a ta gwada shi. Tsarin ya haifar da matsaya mai ɗorewa, amma ya jawo jinkiri da kuma korar waɗanda suka riga jama'a ganin gaskiya.

Fitilun kalmomi: Kweka, hasken ciki, ibadar shiru, nazarin kai, shawara, bauta.

1.0 Gabatarwa

Akasarin Hausawa sun san sunan Kweka ne a jikin gwangwanin Quaker Oats, mai hoton wani dattijo da baƙar malafa. Kamfanin ba shi da alaƙa da ɗariƙar. An yi wa tambarin rajista a Amurka a 1877 ne domin a lokacin an shaidi mabiyanta da gaskiya wajen awo da ciniki. Wanda ke da alaƙa ta haƙiƙa shi ne Bournvita, domin sunansa ya samo asali daga Bournville, unguwar da iyalin Cadbury, waɗanda 'yan Kweka ne, suka gina wa ma'aikatansu kusa da Birmingham. Haka bankunan Barclays da Lloyds, duk daga gidajen 'yan Kweka suka fito.

Yawan mabiya ɗariƙar a duniya bai wuce 400,000 ba, kusan rabinsu kuma a Afirka suke. Duk da ƙarancinsu, sunansu yana fitowa a tarihin hana cinikin bayi, da gyaran gidajen yari, da kula da masu taɓin hankali, da sasanta masu yaƙi. A 1947 ƙungiyoyinsu biyu na agaji, ɗaya a Landan ɗaya a Filadalfiya, suka karɓi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

Ba jera waɗannan ayyuka ne manufar wannan takarda ba. Manufarta ita ce gano injin da ke ƙarƙashinsu. Kowace al'umma mai addini tana fama da tambayar wa ke da hurumin faɗin abin da Allah yake so. Wasu sun miƙa hurumin ga malamai, wasu ga majalisar limamai, wasu ga nassi kaɗai. 'Yan Kweka na farko sun ce hurumin yana cikin zuciyar kowa, mace da namiji, mai ilimi da jahili. Wannan amsa tana iya tarwatsa kowace jama'a cikin shekaru kaɗan, kamar yadda ta tarwatsa wasu ƙungiyoyi da suka taso tare da su. Me ya sa su ba su watse ba?

2.0 Asalin Ɗariƙar

Ɗariƙar ta fito ne daga rikicin yaƙin basasar Ingila na 1642 zuwa 1651, lokacin da aka fille wa Sarki Charles na Ɗaya kai a 1649, cocin gwamnati ya rasa ƙarfinsa, kowa ya shiga neman hanya. George Fox (1624–1691) ɗan masaƙi ne daga gundumar Leicestershire, ya kuma yi koyon sana'a a hannun wani baduku. Yana da shekara 19 ya bar gida yana bin limamai da tambayoyi, bai sami wanda ya gamsar da shi ba. A 1647, kamar yadda ya bayar da labari, ya ji a ransa cewa Almasihu da kansa ne zai iya magana da halin da yake ciki, ba wani ɗan'adam ba.

A 1650 aka gurfanar da shi a Derby bisa zargin saɓo. Ya gargaɗi alƙali Gervase Bennet da ya yi makyarkyata saboda maganar Ubangiji, alƙalin kuwa ya yi musu laƙabin masu makyarkyata, wato Kweka, sunan da ya bi su har yau. A 1652 Fox ya yi wa mutane kimanin dubu wa'azi a tudun Firbank Fell a arewacin Ingila, sannan ya sauka a Swarthmoor Hall, gidan Margaret Fell, matar wani babban alƙali. Gidan nan ya zama cibiyar tara gudummawa da aika wasiƙu, ita kuma Margaret ta zama uwar tafiyar. A 1666 ta wallafa ɗan littafi tana kafa hujja daga Littafi Mai Tsarki cewa mata suna da ikon yin wa'azi.

Sun sha wuya a hannun hukuma, kuma dalilan a bayyane suke. Sun ƙi biyan ushirin cocin gwamnati. Sun ƙi yin rantsuwa a kotu, suna kafa hujja da Matiyu 5:34–37 da Yaƙubu 5:12, cewa mai rantsuwa ya yarda ke nan yana da magana iri biyu. Sun ƙi cire wa manya hula, kuma suna kiran kowa da "kai", ko da alƙali ne ko sarki. Dokokin 1662 da 1664 sun haramta tarukansu. An ɗaure dubbai, ɗaruruwa suka mutu a kurkuku, shi kansa Fox sau takwas ana ɗaure shi. A Boston ta Amurka an rataye huɗu daga cikinsu, har da Mary Dyer a 1660. Sauƙi bai zo ba sai da dokar sassauci ta 1689.

3.0 Hasken Ciki da Ibadar Shiru

Jigon aƙidarsu shi ne abin da suka kira hasken ciki, wanda suka ɗauko daga Yohanna 1:9. Ya kamata a lura cewa a wurin na farko hasken ba lamirin mutum ba ne, ba kuma basirarsa ba. Hasken Almasihu ne da ke shiga zuciya daga waje, kuma aikinsa na farko tona asiri ne: ya nuna wa mutum zunubinsa tun kafin ya ba shi natsuwa. Robert Barclay, wanda ya tsara tauhidin ɗariƙar a littafinsa na 1676, ya bambance hasken da hankalin ɗan'adam ƙarara.

Daga wannan aƙida sauran abubuwa suka biyo baya. Tun da Almasihu yana koyar da mutanensa da kansa, babu buƙatar naɗaɗɗen limami. Tun da baftisma ta gaskiya a zuci take, babu buƙatar ruwa. Haka Jibin Ubangiji ba ya buƙatar gurasa da ruwan inabi. Babu rana mai tsarki fiye da wata, babu gini mai tsarki fiye da wani. Shi ya sa ba su kira wurin taruwarsu coci ba, sai ɗakin taro.

Ibadar da ta rage bayan an cire duk waɗannan ita ce zaman jira. Mutane sukan taru a ɗaki marar ado, a yau galibi na tsawon awa ɗaya, su zauna suna fuskantar juna, su yi tsit. Babu waƙa, babu huɗuba da aka shirya, babu mai jan salla. Idan wani ya ji an ɗora masa magana, sai ya miƙe ya faɗe ta a taƙaice ya zauna. Ba a ba shi amsa, ba a yi masa gardama. Shiru yakan dawo domin maganar ta nutse. Wani lokaci awar takan ƙare ba wanda ya ce uffan. Dattawa biyu ne sukan rufe taron ta hanyar gaisawa hannu da hannu.

Abin da ya kamata a jaddada shi ne cewa wannan shiru na tarayya ne. Wanda ya ji motsin magana ana sa ran zai tuhumi kansa tukuna: wannan saƙo daga Allah ne ko daga son a ji ni? Nawa ne ni kaɗai, ko na jama'a ne? Yanzu ne lokacinsa? Ke nan tun a cikin ibada, zuciyar mutum tana aiki ne a gaban idon 'yan'uwansa.

4.0 Darasin Nayler da Gina Tsari

A shekarun farko James Nayler, tsohon sojan majalisa, ya kai Fox farin jini, a Landan ma ya fi shi. A watan Oktoba na 1656 ya shiga birnin Bristol a kan doki, wasu mabiyansa suna shimfiɗa tufafinsu a gabansa suna yabo, kwaikwayon shigar Yesu Urushalima. Shi ya ce alama ce kawai ta Almasihun da ke cikin kowa. Majalisar dokoki ta ce saɓo ne. Bayan muhawarar kwanaki, ya tsira daga kisa da ƙuri'a 96 a kan 82, amma aka yi masa bulala, aka huda harshensa da jan ƙarfe, aka yi masa lalas a goshi.

Wannan lamari ya tilasta wa 'yan Kweka fuskantar raunin aƙidarsu. Nayler ba maƙaryaci ba ne. Ya yi imani cewa hasken ne ya umarce shi. To da wace hujja za a ce masa ya yi kuskure? Bayan 'yan shekaru John Perrot ya sake tayar da irin wannan ƙura, yana cewa ko lokacin taro bai kamata a tsayar ba, kowa ya zo sa'ad da ruhu ya motsa shi. Amsar da shugabanni suka bayar, musamman a wata takarda ta 1666, ita ce hukuncin jama'ar da ta taru cikin hasken ya fi ƙarfin iƙirarin mutum ɗaya. Hujjarsu mai sauƙi ce: hasken ɗaya ne, ba ya saɓa wa kansa, saboda haka idan shiriya ta gaskiya ce, sauran masu jira za su gane ta.

Da aka sako Fox daga kurkukun Scarborough a 1666, ya zagaye ƙasar yana kafa tarukan wata-wata, waɗanda ke ƙarƙashin tarukan wata uku-uku, su kuma ƙarƙashin taron shekara. An kafa wa mata tarukansu na daban masu kula da aure da gajiyayyu, abin da ya ba su gogewar shugabanci da riƙon kuɗi a zamanin da hakan baƙon abu ne. A 1675 aka kafa wani zama a Landan domin tattara bayanan waɗanda aka ɗaure ko aka ƙwace wa dukiya. Ba kowa ya yarda da wannan tsari ba. Wasu sun ɓalle a shekarun 1670 suna cewa Fox ya dawo da limanci ta bayan gida. Amma tsarin ne ya rayu.

4.1 Taron Shawara

Taron da ake yanke hukunci a cikinsa shi ma ibada ne, da shiru ake buɗe shi, da shiru ake rufe shi. Ba shi da shugaba, sai magatakarda. Shi ne zai gabatar da batu, masu magana su miƙe ɗaya bayan ɗaya, galibi sau ɗaya kowa, ba tare da mayar wa juna martani ba. Ba a kaɗa ƙuri'a. Idan magatakarda ya ga alamar zukata sun karkata wuri ɗaya, sai ya rubuta matsaya nan take, ya karanta wa jama'a, a gyara kalmomin har kowa ya amince. Wanda bai gamsu ba yana iya janyewa gefe ya bar taro ya ci gaba. Idan kuwa rashin gamsuwar mai nauyi ne, sai a ɗage batun zuwa wani wata, ko wata shekara.

Su da kansu sukan bambanta wannan da sulhun siyasa, inda kowa ke rage buƙatarsa har a haɗu a tsakiya. Abin da suke nema, a cewarsu, nufin Allah ne, kuma yana iya fitowa daga bakin mutum ɗaya tilo da kowa ya raina. Amfanin rashin ƙuri'a shi ne ba a barin wani ɓangare da aka kayar yana jiran ranar ramuwa.

4.2 Tambayoyi da Littattafan Rayuwa

A 1682 taron shekara na Landan ya gabatar wa wakilan ƙananan taruka tambayoyi uku: waɗanne masu wa'azi ne suka rasu, su wa suka mutu a kurkuku, kuma yaya gaskiya take bunƙasa a tsakaninsu. Tambayoyin suka riƙa ƙaruwa har suka shafi biyan bashi, shan giya, tarbiyyar yara da sasanta saɓani. Da farko wakilan taruka ne ke amsa su, wato kayan binciken jama'a ne. Sannu a hankali suka koma abin da ake karantawa a taro domin kowa ya auna kansa a zuci. Na Birtaniya da aka amince da su a 1994 sakin layi 42 ne. A nan ɗariƙar ta bambanta da sauran coci-coci: maimakon ta ba mabiyi jerin abubuwan da zai furta ya yi imani da su, sai ta ba shi tambayoyin da zai amsa da halinsa.

Haka nan al'adar rubuta littafin rayuwa, inda masu wa'azi ke bayyana yadda aka bi da zukatansu. A ido wannan shi ne rubutu mafi sirri, amma ko shi sai ya bi ta hannun jama'a. A 1673 aka kafa kwamiti a Landan mai duba duk abin da za a buga da sunan ɗariƙar, kuma littafin Fox kansa, da ya fito a 1694, sai da aka tace shi.

Mai sauraro Musulmi zai tuna da muhasaba, wadda Harisu al-Muhasibi na Bagadaza (ya rasu 857) ya shahara da ita, da kuma halwar sufaye. Akwai kama, amma akwai bambanci na tushe. Muridi yakan kai abin da ya gani ga shehinsa, ɗan Katolika yakan kai ga fada. Ɗan Kweka ba shi da ko ɗaya. Ga tsaransa yake kaiwa.

4.3 Aure da Tafiya

Masu son aure sukan bayyana niyyarsu ga taron wata, a naɗa mutane su bincika ko babu wani alkawari a kansu. Ranar aure ba mai ɗaurawa. Ango da amarya sukan miƙe cikin taron shiru su yi alkawari, duk wanda ya halarta ya sa hannu a takardar shaida. Dokar aure ta Ingila ta 1753 ta amince da wannan, ta keɓe su da Yahudawa daga tilascin aure a cocin gwamnati. Wanda kuma ya ji an kira shi zuwa wa'azi a wata ƙasa ba ya kama hanya sai taronsa ya gwada kiran ya ba shi takarda, sannan ya ɗauki nauyin iyalinsa. A ƙarni na 20 an faɗaɗa wannan al'ada: mai fuskantar babbar shawara yakan nemi mutane kaɗan su zauna da shi, su yi masa tambayoyi kawai, ba tare da ba shi shawara ba.

5.0 Gwajin Tsarin: Taƙaddamar Bayi

Ana yawan yabon 'yan Kweka da cewa suna cikin waɗanda suka fara yaƙi da bauta. Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. William Penn, wanda ya kafa Fensilbeniya da izinin sarki a 1681, yana da bayi a gonarsa. Attajiran ɗariƙar a Barbados da Filadalfiya da Rhode Island sun saya sun sayar.

A 1688 mutum huɗu a Germantown, cikinsu har da Francis Daniel Pastorius, suka rubuta takardar ƙorafi suna tambayar ko akwai wanda zai so a yi masa abin da ake yi wa baƙar fata. Taron wata ya ce batun ya fi ƙarfinsa, ya miƙa wa na sama. Na sama ya miƙa wa taron shekara. Taron shekara ya ajiye takardar, ba a sake ganinta ba sai 1844. A nan ƙa'idar jiran haɗin kai ta zama mafakar masu bayi, domin su ne ke zaune a kujerun dattawa.

Mutum biyu suka nuna hanyoyi biyu na tunkarar wannan katanga. Benjamin Lay ya zaɓi fito-na-fito. A taron shekara na 1738 a Burlington ya zo da takobi da wani littafi da ya ɓoye mafitsara cike da jan ruwa a ciki, ya soke shi, jan ruwan ya fantsama kan masu bayi. Aka fitar da shi, aka kuma barranta da shi. Sai a 2017 taronsa na Abington ya rubuta matsaya yana amincewa cewa Lay ne ke kan gaskiya.

John Woolman (1720–1772), tela daga Mount Holly a New Jersey, ya bi ta cikin tsarin. Yana saurayi maigidansa ya sa shi rubuta takardar cinikin wata baiwa. Ya rubuta, amma ya faɗa a gaban mai saye da mai sayarwa cewa yana ganin abin ya saɓa wa addinin Kirista. Daga baya ya daina rubuta duk wasiyyar da za a gadar da bawa a cikinta. Ya yi tafiye-tafiye zuwa yankunan kudu da takardar izinin taronsa, yana sauka gidajen masu bayi, yana magana da su a keɓe cikin ladabi, idan zai tafi ya bar kuɗin hidimar da bayin suka yi masa. Ya daina sa tufafin da aka rina, saboda gumin bayi da ke cikin rinin. Rubutunsa na 1754 a kan bauta sai da kwamitin taron shekara ya amince kafin a buga. A 1758 taron shekara na Filadalfiya ya yanke cewa mai saye ko sayar da bawa ba zai riƙe muƙami ba, ya kuma naɗa mutane, har da Woolman, su bi masu bayi gida-gida. A 1776, shekara huɗu bayan rasuwarsa a York, aka yanke cewa duk wanda ya ƙi 'yanta bayinsa za a cire shi daga jama'a.

Daga 1688 zuwa 1776 shekara 88 ke nan. Hausawa kan ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Waɗanda suka biya kuɗin daɗewar nan bayi ne da aka haifa suka kuma mutu a cikin ƙangi. Amma da matsayar ta tabbata, ba ta sake girgiza ba. Cocin Methodist da na Baptist a Amurka sun dare gida biyu a kan bauta a shekarun 1840, 'yan Kweka kuwa sun riga sun tsarkake gidansu. Cikin mutum 12 da suka kafa ƙungiyar hana cinikin bayi a Landan a 1787, tara 'yan Kweka ne.

Ba daidai ba ne a ce Woolman ya yi nasara inda Lay ya gaza. Tsawar Lay ce ta hana batun mutuwa, haƙurin Woolman kuma ya mayar da shi doka. Aibin tsarin shi ne ya san yadda zai karɓi na biyun, bai san yadda zai yi da na farkon ba.

6.0 Lokacin da Jama'a Ta Danne Zuciya

Tsarin da aka gina domin gwada shiriya ya koma kayan sa ido. Tun a 1700 Margaret Fell ta koka da yadda ake tilasta wa kowa tufafi masu launin toka. A ƙarni na 18 da na 19 an kori dubbai saboda auren wanda ba ɗan ɗariƙa ba, ko karyewar jari, ko shiga soja. Mabiya a Birtaniya, waɗanda aka ƙiyasta sun kai 60,000 a wajen 1680, suka ragu zuwa ƙasa da 14,000 a farkon shekarun 1860. Sai da John Stephenson Rowntree ya fito da wannan a maƙalarsa ta 1859 aka sassauta dokar aure da ta sutura. A Amurka kuwa tsarin bai hana rabuwar 1827 ba, tsakanin masu fifita hasken ciki da masu fifita nassi. Hatta bayan 'yanta bayi, wasu ɗakunan taro sun ware wa baƙar fata benci na daban.

7.0 Kweka a Afirka

Alaƙar ɗariƙar da Afirka ta Yamma ta daɗe. Hannah Kilham ta yi aiki a Gambiya da Saliyo, ta dage cewa a koyar da yara da harshensu, kuma a 1828 ta wallafa jerin kalmomi na harsuna 30 da ta tattara daga bakin 'yantattun bayi, cikinsu har da Hausa. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, 'yan Kweka uku, Adam Curle da John Volkmar da Walter Martin, sun yi ta kai-komo da saƙonni tsakanin Janar Yakubu Gowon da Odumegwu Ojukwu. Ba su ne suka kawo ƙarshen yaƙin ba, amma ɓangarorin biyu sun ci gaba da buɗe musu ƙofa, domin ba su da gwamnati a bayansu kuma ba sa kai magana ga 'yan jarida.

Cibiyar ɗariƙar a yau ita ce Kenya. A 1902 Amurkawa uku, Willis Hotchkiss da Arthur Chilson da Edgar Hole, suka kafa mishan a Kaimosi cikin ƙasar Luhya, kuma yanzu babu ƙasar da ta kai Kenya yawan mabiya. Ibadarsu tana da fasto da waƙoƙi da huɗuba, shiru kuwa 'yan mintoci ne. Hasali ma kusan tara cikin goma na 'yan Kweka a duniya irin wannan ibada suke yi. A ɗaya gefen, tarukan Birtaniya sun riƙe shirun amma sun sassauta aƙida, har akwai mambobin da ba sa kiran kansu Kirista. Shawarar da suka yanke a 2009 ta amincewa da auren jinsi ɗaya ta ƙara nisa tsakaninsu da 'yan'uwansu na Afirka. Abin da ya rage yana haɗa su shi ne tsarin taruka, muƙamin magatakarda, da shaidar zaman lafiya, wadda 'yan Kweka na Kenya suka aikata wajen sasanta jama'a bayan rikicin zaɓen 2007.

8.0 Kammalawa

Wannan nazari ya kai ga sakamako uku. Na farko, abin da ya raya ɗariƙar Kweka ba aƙidar hasken ciki ba ce ita kaɗai, tsarin gwada ta ne da aka gina bayan 1656. Na biyu, nazarin kai a wurinsu ba ya tsayawa a zuci: ana auna shi a gaban jama'a, kuma ana sa ran ganinsa a ciniki da sutura da abin da mutum ya yarda ya sa wa hannu. Na uku, tsarin yana aiki ne kawai idan masu faɗa a ji a cikin taro suna shirye su ji abin da zai taɓa aljihunsu. Idan ba haka ba, jiran haɗin kai yakan zama hanyar binne gaskiya.

Ana kira ga manazarta addinai da na sasanta rikici a jami'o'inmu su duba rawar da 'yan Kweka suka taka a yaƙin basasa daga takardun ɓangaren Nijeriya, masana harshe kuma su sake duba kalmomin Hausa da Kilham ta tattara. Hukuncin wannan takarda shi ne: jama'ar da ba ta gwada iƙirarin mutum ɗaya za ta faɗa cikin ruɗi, wadda kuma ba ta sauraron mutum ɗaya za ta daɗe a kan zalunci. 'Yan Kweka sun magance matsala ta farko cikin shekara 20, ta biyun kuwa ta ci musu shekara 88.